Karen Gadin da Ba Ya Cin Tuwo

Yabon gwani ya zama dole, ko da kuwa gwanin ba ya ji. Na daɗe ina cewa zan zauna in rubuta wannan, kullum sai hidimar shago ta sha kaina. Yau dai na ja ƙofa bayan Isha'i, na ce sai na sauke nauyin nan, domin akwai wata 'yar manhaja da ta yi mini abin da yaran shago uku ba su yi mini ba, kuma ko sisin kwabo ban taɓa biya ba. Sunanta watchdog, wato karen gadi. Wallahi ina son karen nan. Ina son sa irin son da manomi ke yi wa san huɗar da ba ya kwanciya a tsakiyar kunya.

Ni mai shagon kwamfuta ne a Ƙanƙara. Fotokwafi, buga takarda, hoton fasfo, fitar da sakamakon WAEC da NECO, sa wa takardar NIN leda, duk muna yi. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, kuma aka ce kowa ya haɗa layinsa da ita, aikinmu ya ninka. Mutanen 'Yargoje da Pauwa namu ne na kullum, na Sheme da Daudawa ma sukan faɗo. Ga shi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai ta tarayya, saboda haka duk lokacin da aka buɗe wani fom na tallafi ko koyon sana'a, takardun ƙananan hukumomin uku sukan zo mana a cakuɗe, kamar an zuba gero da dawa da masara a buhu guda an girgiza.

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar shago ya san foldar da ake kira Downloads. Ita ce bolar gidan. Duk abin da ya shigo, nan yake sauka. Mutum ya turo hoto ta WhatsApp, sai ya zo da suna irin IMG-20210315-WA0007, wani ya turo nasa ya zo da WA0008, babu abin da zai nuna maka wane ne mai gemu wane ne jariri. Sikana kuma ba ta san wani suna ba sai scan0001, scan0002, haka har illa ma sha Allahu. Da safe sai in ce wa yaro ya gyara, ya ce, “To, Oga.” Kafin azahar layi ya taru, shi ke nan an manta. Bayan wata guda ka buɗe foldar sai kanka ya yi ciwo.

Ranar da abin ya ishe ni, wani dattijo ne ya zo karɓar takardar shaidar ɗansa da muka yi wa sikanin makonni biyu da suka wuce. Na yi ta buɗe fayil ina rufewa, gumi na keto mini. Ya zauna a kan benci da haƙuri har ya gaji, sannan ya ce, “Malam, in ba ta nan ka gaya mini, rana na yi, kuma ka san hanyarmu.” Na san hanyar tasu kuwa. Duk ɗan yankin nan ya san ba a son yamma ta riski mutum a wasu hanyoyi. Na samo takardar daga baya, amma kunyar da na ji ranar ba ta sake ni ba.

A satin ne ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zo hutu. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, “Kawu, ai wannan ba aikin mutum ba ne, aikin kare ne.” Na ɗauka raini ne, har na fara ɓata rai. Ashe da gaske yake. Ya ciro filash ɗinsa ya sa mini Python, ya sa watchdog a kansa, muka zauna daga Magariba zuwa wajen ƙarfe goma muna rubuta 'yan layukan umarni da ba su wuce 40 ba. Da muka gama ya ce in turo hoto daga wayata. Na turo. Hoton ya sauka a Downloads, na ga shi da idona, kafin in ƙifta ya ɓace. Na buɗe foldar Hotuna, ga shi can a zaune, an manna masa kwanan wata da lokaci a gaban sunansa. Na sake turo takardar PDF, ita ma ta wuce foldar Takardu. Na miƙe tsaye ina salati. Yaron nan sai dariya yake yi mini.

Maƙwabcina mai sayar da littattafan addini ya ji ina gaya wa wani cewa na sa kare da mesa a kwamfuta, ya leƙo ya ce, “A'uzu billahi, Malam, a shagon da kake salla?” Sai da na yi masa bayani cewa Python sunan yaren ba wa kwamfuta umarni ne, wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991, kuma ma ba daga maciji ya samo sunan ba, daga wani wasan barkwanci ne na talabijin ɗin Ingila mai suna Monty Python's Flying Circus. Shi kuma karen, wani masani mai suna Yesudeep Mangalapilly ne ya fara rubuta shi tun wajajen 2010, ya sake shi kyauta a ƙarƙashin lasisin Apache, kowa ya ɗauka ya yi amfani, ya gyara in yana so, har ya yi kasuwanci da shi. A shekarun baya-bayan nan Mickaël Schoentgen ne ke kan gaba wajen kula da shi, tare da ɗimbin masu sa kai. Ban san su ba, ba su san da zamana ba, amma guminsu na ciyar da iyalina. Maƙwabcin nawa ya gyaɗa kai ya ce to in dai ba ya lasar ƙwarya babu laifi.

Bari in zo kan abin da ya fi burge ni, domin a nan ne gwanintar take. Akwai hanya biyu ta gadin folda. Ta farko ita ce ta wahala: ka rubuta shiri da zai riƙa leƙa foldar duk bayan daƙiƙa biyar ko goma, ya ƙirga abin da ke ciki, ya kwatanta da ƙirgar baya. Kamar ka ɗora wa yaro aikin fita zaure duk bayan ɗan lokaci ya duba ko an yi baƙo. Yaron zai gaji, takalminsa ya tsinke, kuma in baƙo ya zo daidai lokacin da ya juya baya sai ya jira zagaye na gaba. Ai ba haka gidan Bahaushe yake ba. Baƙo ne ke yin sallama, na ciki ya amsa. To watchdog sallama yake saurare. Ita kanta kwamfutar ta san duk fayil ɗin da aka ajiye ko aka goge, domin ta hannunta ake bi. Abin da karen ke yi shi ne ya ce mata, in wani abu ya motsa a foldar nan ki taɓa ni, sai ya kwanta abinsa. Ba ya cin batir, ba ya sa kwamfuta ta yi nauyi, sai an yi motsi ya ɗaga kunne.

Kuma kowace kwamfuta da irin sallamarta. Windows na da tata hanyar mai dogon suna, ReadDirectoryChangesW. Linux na da inotify, wanda ya shiga cikinta a 2005. Kwamfutocin Apple na da FSEvents, su kuma dangin BSD suna da kqueue. Da a ce mutum zai koyi kowace ɗaya da kansa, da sai furfura ta fito masa bai gama ba. Shi watchdog ya iya yarukan nan duka, kamar tafintan kotu. Ka rubuta shirinka sau ɗaya, ka kai shi kowace kwamfuta, shi zai duba inda ya sami kansa ya zaɓi hanyar da ta dace. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma an yi shi da tsabta har mai amfani ba ya ma sanin an yi.

Tsarin rubuta shi ma mai sauƙin ganewa ne ko ga irina da bai yi karatun abin ba. Abu biyu ne. Akwai mai gadi, wanda suke kira Observer, kai ke nuna masa foldar da zai tsare. Akwai kuma ɗan aike, wanda kai ke rubuta masa abin da zai yi in labari ya zo. Manyan labaran huɗu ne: an kawo sabon fayil, an taɓa wanda ke nan, an goge, an canza masa suna ko wuri. Kowanne da ƙofarsa, on_created, on_modified, on_deleted, on_moved. A ƙarƙashin ƙofar da kake so sai ka ce, in ƙarshen sunan jpg ne ko png kai shi Hotuna, in pdf ne kai shi Takardu, in docx ne kai shi wurin aikin bugu. Ɗaukar kayan kuma wani umarni ne da ke zuwa tare da Python, shutil.move. Iyakar abin ke nan. Daga baya da hannuna ya faɗa, na ƙara masa dabara: in na sa KKR a farkon suna ya kai foldar Ƙanƙara, FSK ta Faskari, SBW ta Sabuwa. Yanzu lokacin fom in aka ce a kawo na mutanen Sabuwa kawai, folda ɗaya nake buɗewa.

Kada wani ya ɗauka daga daren farko komai ya miƙe. Kare ne mai biyayya, kuma biyayyar tasa ce ta fara jefa ni cikin rami, domin abin da ka ce shi yake yi, ba abin da kake nufi ba.

Ramin farko shi ne ɗanyen fayil. Labarin sabon fayil yana zuwa ne tun lokacin da aka fara zuba shi, ba lokacin da aka gama ba. Ƙaramin hoto ba ya nuna matsalar, domin nan take yake cika. Amma ranar da wani ya kawo bidiyon walima mai nauyi, karen ya cafke shi tun yana rabi. Windows ta ƙi saki saboda ana kan rubutu a ciki, shirin ya yi ƙorafi da dogon Turanci ya tsaya cak. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin awon hatsi a kasuwar Dandume ko ta Sheme ya san ba a ɗinke buhu ana cikin zuba tiya. Sai an ga ya cika, mai awo ya ɗaga hannu, sannan a kawo basilla. Haka muka koya wa karen: in fayil ya zo, auna nauyinsa, jira daƙiƙa biyu, sake aunawa. In ya ƙaru, ana kan zubawa, ƙara jira. In ya tsaya, ɗauka. In kuma Windows ta ce a kulle yake, kada ka yi fushi, koma ka dawo. A Linux ma abin ya fi sauƙi, domin can akwai labari na musamman da ke cewa an gama rubutu an rufe, amma mu nan Windows ce a ko'ina.

Akwai wani reshen wannan ramin da ya ɗauke ni kwana biyu kafin in gane. Idan kana sauke abu da Chrome, ba ya ba shi sunansa na gaskiya tun farko, sai ya liƙa masa crdownload a ƙarshe, Firefox kuma part take liƙawa. Sai an gama saukewa sannan a canza sunan. Ke nan fayil ɗin gaskiya ba ta ƙofar sabon fayil yake shigowa ba, ta ƙofar canjin suna yake shigowa. Ni kuwa ƙofa ɗaya na sa a tsare. Na yi ta mamakin me ya sa abin sikana ke tafiya, na intanet kuma ya zauna. Da na buɗe ƙofa ta biyu, na kuma ce ya ƙyale duk mai waɗancan wutsiyoyin, sai komai ya daidaita. Daɗin da na ji ranar, ko ranar da na sayi firinta mai kala ban ji irinsa ba.

Rami na biyu shi ne wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wata rana na cire dabarar manna kwanan wata a suna, wai don sunayen sun yi mini tsawo. Sikana ta fitar da scan0001 na wata baiwar Allah da ta zo daga wajen Sheme da takardar samun gurbin karatun 'yarta. Washegari sikanar ta sake fara ƙirga daga ɗaya, wani scan0001 ya zo, ya hau kan na jiya ya danne shi. Idan ka ba shutil.move cikakken sunan wurin da zai ajiye, kuma akwai mai irin sunan a can, ba ya tambaya, ba ya sallama, kuma wanda aka danne ba ya zuwa kwandon shara balle ka tono shi. Sai da na kira ta a waya ina ba da haƙuri. Ta ce, “Ba komai ɗana, Allah ya sa iyakar ta ke nan.” Ni na biya mata kuɗin mota. Laifina ne tsantsa, ba na karen ba, kuma tun daga ranar kowane fayil sai ya ɗauki shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa a goshinsa kafin ya motsa.

Na uku kuwa abin dariya ne. Na sa foldar da ake kai kaya a cikin foldar da ake gadi, kuma na ce wa karen ya tsare har ɗakunan ciki. Ya ɗauki fayil ya kai, sai ya ji motsi a inda ya ajiye, ya ce ga sabon baƙo, ya sake ɗauka ya ƙara masa kwanan wata, ya sake jin motsi. Ɗiban ruwa daga rijiya ana mayarwa rijiya. Sunan ya yi ta tsawo har shi da adireshinsa suka kai iyakar haruffa 260 da Windows ta saba yarda da su, sannan ya tsaya. Na fitar da foldar waje, magana ta ƙare.

Duk wannan yabon somin taɓi ne. Abin da ya sa karen nan ya shiga zuciyata ya zauna, a 2021 ya faru. A watan Satumba na shekarar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk muna ciki. Wata uku da ɗoriya muka yi babu kira, babu saƙo, babu data. Ƙanƙara, garin da bai gama farfaɗowa daga ɗauke ɗaliban makarantar kimiyya a Disambar 2020 ba, sai ga shi an rufe masa baki da kunne. Duk wata manhaja da ke dogara da intanet ta zama gawa. Masu ajiyar kaya a Google Drive suka zura ido. WhatsApp ya koma hoto a fuskar waya.

Shi kuwa karen ko a jikinsa. Bai san an yanke komai ba, domin bai taɓa buƙatar intanet ba tun asali. Mutane suka koma kawo kaya ta Xender da Bluetooth da igiyar caji da filash. Wanda ya yi tafiya ya samo sabis a wani gari ya sauke takardarsa a waya, sai ya dawo mu buga masa. Na ƙara wa karen folda biyu cikin waɗanda yake gadi, ya ci gaba da rarraba kaya kamar ba abin da ya faru. A watannin nan da komai ya tsaya, ganin abu ɗaya na aiki yadda ya saba yana kwantar da hankali fiye da yadda zan iya faɗa. Kuma ƙanƙantarsa ta yi rana: ƙunshin watchdog gaba ɗaya bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. A filash na kai wa wani ɗan'uwana mai shago a Faskari, muka sa shi ba tare da ko ɗigon data ba. Daga hannunsa ya wuce wurin wani abokinsa a Sabuwa.

Shi na Sabuwa ya gamu da wata matsalar daban. Kwamfuta biyu gare shi da ya haɗa, yana so ta gaba ta tsare foldar da ke cikin ta baya. Sallama ba ta cika tsallaka katanga ba, labarin motsi ba ya isowa yadda ya kamata daga wata kwamfutar. Ashe masu karen sun hango wannan tun tuni, sun ajiye wani mai gadin na daban, PollingObserver, wanda ke bin tsohuwar hanyar leƙe. Kalma ɗaya ya canza a shirin, aiki ya tashi. Irin wannan hangen nesan ne ke sa in ce mutanen nan sun san aikinsu.

Sai maganar wuta, wadda ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba. Abu biyu na koya. Na ɗaya, idan ana matsar da fayil a cikin rumbu ɗaya, ba a ɗaga shi ma, adireshinsa kawai ake canzawa, shi ya sa ko bidiyo mai nauyi nan take yake wucewa. Idan kuwa daga rumbun kwamfuta ne zuwa filash ko wani rumbun waje, sai an kwafe shi tukuna sannan a goge na asali. Gogewar ce ta ƙarshe, saboda haka in wuta ta ɗauke a tsakiya, na asalin yana nan lafiya, sai dai ka share guntun da ya tsallaka. Na biyu, karen ba ya ganin abin da ya shigo lokacin da yake kashe. In yaro ya zuba kaya kafin shirin ya tashi, za su zauna nan har abada, domin sallamarsu ta wuce ba a ji ba. Magani shi ne ka sa shi ya share foldar sau ɗaya da zarar ya farka, sannan ya kwanta gadi. Na kuma sa shi cikin abubuwan da ke tashi da kansu in an kunna kwamfuta, don kada a dogara da tunawar yaro.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne rufin asirin mutane. Da can takardar NIN ta wani, da hoton matar wani, da takardar asibitin wani, duk suna baje a gaban duk wanda ya zauna kan kujera. Yanzu da sun sauka suke shigewa inda ya kamata, kuma na ƙara wani ɗan shiri da ke tuna mini in goge takardun shaida bayan kwana 30. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, amma ko ba doka, amana ce aka ba mu.

Ina da ƙorafi? Ina da shi, amma irin na mai son abu. Bayanin yadda ake amfani da shi duk da Turanci ne, kuma Turancin masana, babu ko layi ɗaya da Hausa. A Windows yakan kawo labarin an taɓa fayil sau biyu ko uku a kan taɓawa ɗaya, sai ka iya tacewa. Masu tsofaffin kwamfutoci kuma, waɗanda su ne mafi yawa a shagunanmu, su sani cewa Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, kuma daga fitowa ta 5 watchdog ya daina tafiya da shi, sai a nemi ta 4. Baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai ma yana tsorata mutane, na ga wanda ya gan shi ya ja da baya ya ce kada in lalata masa kwamfuta.

Na san akwai wasu hanyoyin. DropIt na nan kyauta ga masu Windows, Hazel na nan ga masu Apple amma da kuɗi, har robocopy da ke cikin Windows yana iya sa ido a folda ya kwashe kaya. Na taɓa wasu daga ciki, ba laifi. Amma duk rigar kanti ce. Wannan kuwa ni na auna, ni na yanka, ni na ɗinka, kuma duk ranar da aikin shago ya canza sai in farke in gyara. Babu manhajar kanti da ta san SBW na nufin Sabuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda karen ya ja ni makaranta da furfurata. Ɗan yayata ya bar mini littafin Al Sweigart, Automate the Boring Stuff with Python, wanda ya fara fitowa a 2015 kuma marubucin ya bari a karanta shi kyauta a intanet. Akwai babi guda a kan tsara fayiloli, na bi shi da ƙamus a gefe. Yanzu yaran shagona biyu sun iya buɗe shirin su ƙara sabon nau'in fayil da kansu. Ɗayansu har ya sa a riƙa rubuta duk abin da aka matsar a wata takarda, da lokaci da inda aka kai shi, saboda haka in wani ya zo neman aikin watan jiya, suna kawai muke bincikawa. Dattijon nan na farko ya sake dawowa bara neman takardar ƙaramin ɗansa. Kafin ya gama gyara zama a benci na miƙa masa. Ya dube ni ya ce, “A'a, Malam, yau kuma aljanu ka samu?” Na ce, “Kare ne, Baba.” Ya girgiza kai ya tafi yana murmushi, bai nemi ƙarin bayani ba.

Ga matasanmu da suka shiga shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, da masu karatun kwamfuta a Dutsin-Ma da Katsina da Zariya, ina roƙonku, in kun zo hutu ku leƙa shagunan kwamfuta da ofisoshin makarantu da ɗakunan ajiyar takardu na garuruwanku. Ku buɗe Downloads ɗinsu ku gani. Aikin dare ɗaya ne a wurinku. Wani daga cikinku kuma ya daure ya rubuta mana bayanin watchdog da Hausa, ni zan buga shi kyauta in raba.

Masu shago kuwa, daga 'Yankara har Damari, duk mai son shirin nawa ya zo da filash ɗinsa, zan zuba masa, in nuna masa layuka ukun da zai canza su dace da kwamfutarsa. Ya zo da hantsi don ya koma gida da rana, kuma don Allah ya tabbatar filash ɗin ba ya ɗauke da ƙwayar cuta.